Jane Whitefield da masu gudun ceton rai: wanda ya bar sunansa da uwarsa, ya tsira kuwa?

Ummu_Sadiq: Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da dare na gama littafi na uku a jerin littattafan Jane Whitefield na Thomas Perry, kuma tun asuba abu ɗaya ke yi mini yawo a ka. Ga wanda bai san ta ba: mace ce 'yar ƙabilar Seneka, cikin mutanen da Turawa suka tarar a Amurka, tana zaune a yammacin jihar New York kusa da birnin Buffalo. Ba 'yar sanda ba ce. Da bakinta, jagora take kiran kanta. In ana farautar ranka kuma hukuma ba za ta iya kare ka ba, sai ka ƙwanƙwasa ƙofarta. Ta fitar da kai daga gari, ta ɓad da sawunka, ta ba ka sabon suna da takardu, ta zaunar da kai inda ba wanda ya san ka, ta koya maka zama wani mutum daban. Sharaɗin kuwa, ba waiwaye. Ba waya ga uwa, ba zuwa jana'izar uba, ba komawa sana'ar da aka san ka da ita.

Tambayata ita ce, wannan ceto ne? Azzalumi yana kwance a kan gadonsa, wanda aka zalunta shi ya rasa suna da dangi da gari. Ni gani nake an raba shi da duk abin da mutuwa za ta raba shi da shi, numfashi kawai aka bar masa. Ko ni ce ban fahimta ba?

Ɗan_Fagge: Wa alaikumus salam Hajiya. In da rai da rabo. Wanda ke kabari ba ya kewar kowa, ba ya kuma sa ran komai. Mai rai ko a bayan duniya yake yana iya wayar gari ya ji azzalumin ya mutu ko an ɗaure shi.

Bilkisu_Karatu: Anti Ummu, ni na karanta tara daga cikinsu, tun daga Vanishing Act na 1995 har The Left-Handed Twin na 2021, kuma abin da kika faɗa littattafan ba su ɓoye shi ba. Ita kanta Jane ba ta yi wa kowa romon baka. Tun kafin a kama hanya take gaya wa mutum cewa rayuwarsa ta da ta ƙare. Abin da ya fi burge ni shi ne, takardun bogi ba su ne babban aikinta ba. Hali take yaƙa. Mai caca in ya koma sabon gari zai nemi gidan caca, mai son kamun kifi zai nemi bakin ruwa, masu farautar kuma sun san haka, a can za su je su zauna jiransa. Mu muka ce hali zanen dutse, ita kuma aikinta kankare dutsen nan. Shi ya sa wasu da ta taimaka suke faɗawa hannu daga baya, don sun kasa daina zama su.

Ummu_Sadiq: To ai kin ƙara mini ƙarfin gwiwa ne Bilkisu. In sai ka daina zama kai sannan ka rayu, wa aka ceta?

Injiniya_Sabo: Ni damuwata daban ce. Ta yaya take sanin wanda ya zo mata da hawaye shi ne mai gaskiya? Alƙali ma sai ya ji ɓangare biyu. Ita ɓangare ɗaya take ji, cikin dare, mutum yana haki. Gwanin kuka ba lallai shi aka cuta ba.

Bilkisu_Karatu: Yaya Sabo, ka taɓo zuciyar littafin farko ba tare da ka karanta ba. Wanda bai karanta ba ya tsallake wannan. Mutumin da ya zo mata a wannan littafin, John Felker, ya ce shi tsohon ɗan sanda ne da ya koma aikin akanta, an yi masa sharrin satar kuɗi. Ta yarda da shi, har zuciyarta ta karkata gare shi. Ashe makashi ne, ya biyo ta ne don ta kai shi ga sawun wani da ta taɓa ɓoyewa, Harry Kemple, kuma ya kashe shi. Da hannunta ta buɗe ƙofar. Sauran littafin ita ce ke bin sawunsa a dajin Adirondack. Kuma Harry bai rabu da ita ba, a littattafan da suka biyo baya yana zuwar mata a mafarki.

Sa'a_Zariya: Haba Bilkisu! Ido ya riga ya gani kafin in tsallake. Ina shafi na sittin fa.

Bilkisu_Karatu: Ki yafe ni 'yar'uwa. Ci gaba da karatunki, yadda abin ya faru ya fi abin da na faɗa nisa.

Lauya_Hadiza: Maganar Injiniya ita ce ta sa a zahiri hukuma ce ke riƙe da irin wannan aikin. A Amurka akwai shirin kare shaidu na gwamnatin tarayya, wanda ya samo tushe daga dokar yaƙi da gungun masu laifi ta 1970, ya kama aiki a 1971 a hannun jami'an da ake kira Marshal. Wani lauyan ma'aikatar shari'a, Gerald Shur, shi ya assasa shi, don a samu masu ba da shaida a kan 'yan Mafiya. Shaidu da iyalansu kusan 19,000 ne suka bi ta cikinsa. Ana ba su sabon suna da sahihan takardu, a kai su wani gari, a riƙe su da kuɗin kashewa har su samu aiki. Sau da yawa ana barin mutum da sunansa na farko a canza na iyali, don kada a kira shi ya ƙi waiwayowa. Hukumar tana cewa ba wanda aka kashe cikin waɗanda suka kiyaye ƙa'idojin.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Shirin na wanda ke da shaidar da gwamnati ke buƙata ne, kuma mafi yawansu su ma masu laifi ne da suka juya wa abokan ta'asarsu baya. Matar da mijinta ya rantse sai ya kashe ta, ba ta da abin sayarwa ga mai gabatar da ƙara, ba ta shiga. A wannan gurbin marubucin ya dasa Jane. Mutanenta su ne waɗanda doka ba ta da amfani da su.

Injiniya_Sabo: Na gode Barista. Amma gwamnati in ta yi kuskure akwai kotu, akwai majalisa, akwai 'yan jarida. Jane in ta yi kuskure wa zai tuhume ta? Mafarki?

Lauya_Hadiza: Ba wanda zai tuhume ta, gaskiyarka. Kuma a matsayina na lauya ba zan ce buga takardun bogi daidai ne ba. Littafi na huɗu ma a kan wannan haɗarin yake, wasu suka fara amfani da sunanta suna ɓatar da mutane don kuɗi. Aikin da ake yi a duhu, mutumin kirki da mugu tufafi ɗaya suke sawa.

Maman_Iman_Ohio: Ni ina zaune a Amurka shekara goma sha ɗaya, ina aikin jinya, kuma a ƙarshen mako nakan taimaka a wani gidan fakewar mata da ke gudun duka. Ina so in ce wa Hajiya Ummu, tambayarki mai kyau ce, amma daga wurin da ba a bin mutum da wuƙa aka yi ta. Na ga mace ta iso ƙarfe uku na dare da yara biyu da jakar leda ɗaya. Ba ta tunanin suna ko gari a lokacin. So take gari ya waye yaran suna numfashi. Kuma duk wanda ya yi wannan aikin ya san lokacin da mace ta yanke shawarar tafiya shi ne mafi haɗari, don a lokacin mijin yake ganin ta kuɓuce masa.

A zahiri ba a cika ɓatar da mutum ɗungurungum irin na littafi ba. Akwai tsarin ɓoye adireshi, jihar Washington ce ta fara shi a 1991, yanzu jihohi da yawa suna yi. Wasiƙunki su tafi wani adireshin gwamnati, su kuma su turo miki, ba wanda ya san ƙofarki. Tun 1998 kuma hukuma tana iya ba wadda ke gudun cin zarafi sabuwar lambar Social Security, wadda ake neman aiki da biyan haraji da ita. Sai dai sabuwar lamba tana zuwa da tata wahalar. Ba tarihin aiki, ba tarihin biyan bashi, mai gidan haya ya duba ya ga kamar jiya aka haife ki. Takardar digirinki tana ɗauke da tsohon suna. Na san wadda ta yi shekaru tana koyarwa, ta koma wanke-wanke a gidan abinci. Ta taɓa ce mini ba ta yi nadama ba ko sau ɗaya, amma ba ranar da ba ta yi kuka ba a shekarar farko. Duka biyun gaskiya ne.

Ummu_Sadiq: Allah Ya saka miki da alheri Maman Iman. Na karɓi gyara, daga inuwa na yi tambayar. Amma kukan shekarar nan shi nake nufi.

Alhaji_Baba_Tela: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, ko da ban karanta littafin ba. Ku duk kuna maganar wanda ya tafi. Ni ina cikin waɗanda aka bari. Yayana ya fita daga gida ina ɗan shekara goma sha huɗu. Bashi ne ya yi masa katutu, masu kuɗin kuma ba mutanen wasa ba ne. Ya ce wa mahaifiyarmu zai je kasuwa. Shi ke nan. Mun ba da cigiya a rediyo, mun je asibitoci, mun je ofisoshin 'yan sanda, mun je wurin malamai. Inna ta yi shekara ashirin da biyu ba ta yarda a rufe ƙofar zaure da sakata ba. Duk baƙon da ya yi sallama da dare sai ta miƙe. Wanda ya mutu ana yi masa wanka, a yi masa salla, a yi zaman makoki, a ci gaba. Wanda ya ɓata ba ka san addu'ar da za ka yi masa ba, ta mai rai ko ta mamaci. Matarsa sai da alƙali ya raba auren bayan shekaru. In akwai wani da ya taimaka masa ya tafi, wataƙila ya ceci ransa, ban musa ba. Amma ya kashe tsohuwa a tsaye.

Ɗan_Fagge: Allah Ya jiƙan Inna, Baba. Na janye rabin maganata ta farko.

Sa'a_Zariya: Allah Ya gafarta mata. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Malam_Nura_Damagaram: Allah Ya jiƙanta, Alhaji. Ina bin muhawarar tun safe. Gudun ceton rai yana da asali a addini, kuma yadda aka tsara hijirar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, darasi ne ga mai tunani. Madina tana arewa, suka fara nufar kudu, suka yi kwana uku a kogon Sauru. Abdullahi ɗan Abubakar yana yini a Makka yana sauraron abin da Ƙuraishawa ke ƙullawa, da dare ya kawo labari. Amir bn Fuhaira yana koro tumaki ta hanyar, su sha nono, sawun ya shafe. Nana Asma'u ta shirya guzuri. Sannan ɗan jagoran da ya bi da su ta hanyar gaɓar teku, Abdullahi bn Uraiƙiɗ, ba Musulmi ba ne a lokacin, gwanin hanya ne mai amana, alhali Ƙuraishawa sun sa ladan raƙumi ɗari. A ranar buɗe Makka kuma Ummu Hani ta ba wasu mafaka, aka tabbatar mata da mafakar da ta bayar. To mace mai ba da mafaka ba baƙon abu ba ne a wurinmu.

Abu_Maryam: Malam, da girmamawa, bai dace a jera sira da ƙagaggen labarin Bature a layi ɗaya ba.

Malam_Nura_Damagaram: Ban daidaita su ba ɗan'uwa, Allah Ya tsare. Bambancin ma nake son fitarwa, ka bari in ƙarasa. Masu hijira ba su bar sunayensu ba, kuma ba su tafi su zauna su kaɗai ba. Jama'a ce ta tarbe su, aka ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, kowa ya samu gida. Bayan shekara takwas kuma suka koma Makka da rana tsaka. Abin da ya dami Hajiya Ummu, a fahimtata, gudu ne wanda ba jama'a a ƙarshensa, ba kuma ranar komawa.

Abu_Maryam: Na fahimta yanzu. Allah Ya ƙara ilimi.

Tarihi_Madubi: Maganar Malam Nura ta kai ni inda nake son zuwa tun ɗazu. Me ya sa marubucin ya sa ta zama 'yar Seneka, bai sa ta zama tsohuwar jami'ar leƙen asiri ba kamar yadda aka saba? Seneka ɗaya ce daga ƙabilu biyar da suka haɗa ƙawancen Haudenosaunee, wanda Turawa ke kira Irokwa: Mohok, Oneida, Onondaga, Kayuga da Seneka. Suna kwatanta ƙawancen da dogon gida guda, Seneka kuma su ne masu tsaron ƙofar yamma. A al'adarsu akwai bishiyar zaman lafiya mai fararen saiwoyi da suka miƙa kusurwa huɗu, duk wanda ya bi saiwar har gindin bishiyar ya samu inuwa. Ba magana ce ta baka kawai ba, don Tuskarora da yaƙi ya koro daga Karolina ta Arewa sun samu shiga, suka zama ƙabila ta shida wajen 1722. Garin da Jane take zaune a littafin, Deganawida, ƙagagge ne, amma sunan na wanda ya ƙulla wannan zaman lafiyar ne.

Ga abin lura. Su ma suna ba mutum sabon suna, amma tare da sabuwar uwa. Dangantaka ta wajen uwa suke bi, iyayen zuri'a mata ne ke zaɓen shugabanni. In an karɓe ka, an sa ka cikin wata zuri'a ke nan, kana da ɗaki da 'yan'uwa da wanda zai binne ka. Akwai wata Baturiya, Mary Jemison, da aka kama tana yarinya a 1758, wasu mata biyu 'yan Seneka suka ɗauke ta a madadin ɗan'uwansu da ya mutu a yaƙi. Daga baya ta samu damar komawa cikin Turawa ta ƙi, ta zauna da su har ta rasu a 1833. Jane ta gaji rabin al'adar. Tana iya ba da suna, ba ta iya ba da dangi, don Amurkar da take kai mutane ciki ta gidajen haya ce da maƙwabtan da ba sa tambayar juna.

Lauya_Hadiza: Bayani mai kyau, amma a cika shi. Maharan da suka kama Mary Jemison sun kashe iyayenta da wasu 'yan'uwanta. Sabon dangin ya zo ne a kan jinin tsohon. Kada mu shafa wa abin zuma.

Tarihi_Madubi: Haka ne Barista, kuma ya kamata in faɗa. Na gode.

Bilkisu_Karatu: Amma Malam Tarihi, ita kanta Jane ba ta rasa dangin ba, shi ne abin da ke ba ni tausayi. 'Yar zuri'ar Kyarkeci ce. Akwai littafin da iyayen zuri'a su takwas suka zo har gida suka ɗora mata aikin nemo wani abokin wasanta na yarinta, ba ta kuma iya cewa a'a ba. Tana raba mutane da tushensu, ita kuwa nata tushen ne ke riƙe da ita. Ga miji, likitan tiyata, Carey McKinnon, ta yi masa alkawarin ta daina, amma kullum sai wani ya zo da wuya a hannu.

Hajjo_Kumasi: Ni wannan ne ban so ba. Mace ta yi wa mijinta alkawari ta karya, ba sau ɗaya ba. Shi yana gida bai san ko tana raye ba. Ashe shi ma yana cikin waɗanda aka bari, irin su Baba Tela.

Bilkisu_Karatu: Anti Hajjo, a littafi na huɗu shi da kansa ya roƙe ta ta koma, don malaminsa ne ya shiga uku. Kowa yana son ta daina har sai nasa ne a bakin kura.

Tarihi_Madubi: Wani abu kuma game da wurin. Yankin Buffalo da kogin Nayagara yana cikin mashigai na ƙarshe ga bayi baƙaƙe masu gudu zuwa Kanada. Bayan dokar kamo bayin da suka tsere ta 1850, jihohin arewa ma sun daina zama tudun mun tsira. Harriet Tubman ta tsere daga Maryland a 1849, ta koma kudu wajen sau 13, ta fito da mutum kusan 70, tana kai su har garin St. Catharines a Kanada. Ita ce jagora ta gaske a wannan ƙasar, kuma ku duba su wa ta fi komawa ɗaukowa: 'yan'uwanta, da iyayenta tsofaffi. Ba ta yarda tsira ta zama ta mutum ɗaya ba. Shi marubucin a Tonawanda aka haife shi a 1947, nan kusa da Buffalo, a ƙasar da wannan tarihin ya bi ta kanta.

Yaro_Mai_POS: Ni dai tambayata, a zamanin nan zai yiwu kuwa? A 1995 ba Facebook, ba waya a aljihun kowa. Yanzu fa? Ko a nan gida, tun 2014 BVN ya ɗaure asusunka da yatsunka, tun ƙarshen 2020 an ce kowane layi sai da NIN. Kana iya canza suna, yatsa fa? Sai dai layar zana.

Injiniya_Sabo: Can Amurka ma haka ne. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 sun tsaurara komai, dokar katin shaida ta 2005 ta sa samun lasin tuƙi ya ƙara wuya. Ga kyamarori masu gane fuska, ga waya da ke faɗin inda kake ko kana barci. Marubucin ya ajiye Jane kusan shekara goma, da ya dawo da ita a 2009 dole ya nuna duniyar ta canza mata.

Maman_Iman_Ohio: Kuma ba gwamnati ce ke fara gano mutum ba. Yawanci hoto ne. Ƙanwa ta saka hoton biki, ko yaro ya buɗe shafi ya nemi tsohon abokinsa. Kewa ce ke tona asiri, ba na'ura ba. Abu na farko da muke roƙon mace in ta iso shi ne ta kashe wayar da ta zo da ita, kuma shi ne abin da ya fi yi musu wuya.

Sani_Tokyo: A Japan abin har sana'a ne a fili. Akwai kamfanonin kwashe kaya da dare, suna kiran su yonige-ya. Sun yawaita bayan tattalin arzikinsu ya faɗi a farkon shekarun 1990, mutane suna gudun bashi. Yanzu mata masu gudun duka suna cikin masu neman su. Gari ya waye maƙwabta su ga gida wayam. Amma su kuɗi suke karɓa.

Bilkisu_Karatu: Ita Jane ba ta yanka farashi. Takan ce in mutum ya zauna lafiya, bayan shekara ko biyu ya tuna da ita, ya aiko mata da kyauta. Kuma tana yawo da 'yar kwalbar turare mai guba a jaka, don in an kama ta ana son ta faɗi inda mutanenta suke, ta sha. Wanda ya ɗauki amana haka, ni ba zan iya ce masa mai raba zumunci ba.

Alhaji_Baba_Tela: 'Yata Bilkisu, ban ce muguwa ba ce. Tambaya ɗaya zan yi. A duk littattafan nan tara, akwai inda ta koma ta ƙwanƙwasa ƙofar wata tsohuwa ta ce mata ɗanki yana raye, ki daina jiran ƙofa? Kalma uku ta ishe mu. Ba mu nemi adireshi ba.

Maman_Iman_Ohio: Baba, ka yi haƙuri in amsa daga abin da na gani. Wani lokaci kalma ukun nan ce ke kashe mutum. Uwa in ta san ɗanta yana raye fuskarta tana canzawa, ta daina kuka, mai farauta kuma yana kallon fuskar. Wasu kuma a matsa musu har su faɗi abin da suka sani. Ban ce daidai ne a bar uwa cikin duhu ba. Na ga dai an yi ta maza an bar ta, don a tsare ta ita ma.

Lauya_Hadiza: A shirin gwamnati akwai 'yar kafa. Wasiƙa tana iya bi ta hannun jami'ai, a kuma haɗa waya ta hanyar da ba za a gano wuri ba. Mai aiki ita kaɗai ba ta da wannan ƙarfin.

Hajjo_Kumasi: Ni kakata ta yi irin aikin nan a zango ba tare da ta san sunansa ba. Yarinya ta gudo daga arewa an yi mata auren dole, ta sauka a tasha ba ta san kowa ba. Da ta faɗa hannun banza, kun san inda ake ƙarewa. Kakata ta sa ta a ɗaki, ta ce wa kowa 'yar ƙanwarta ce. Amma ba ta tsaya nan ba. Bayan wata shida ta aika wa sarkin zango, aka nemi wani dattijo mai fatauci ya kai saƙo ga uban, aka yi ta kai da komo har aka raba auren. Yarinyar ta yi aure a nan, uwarta ta zo bikin. Ɓoyewar ta ɗan lokaci ce, kafin manya su shiga.

Injiniya_Sabo: Wannan ya yi aiki ne don uban yana jin kunyar dattawa. Mutanen da ke bin sawun waɗanda Jane ke ɓoyewa 'yan Mafiya ne da makasa na haya. Wane dattijo za a aika musu?

Ummu_Sadiq: Na karanta duka saƙonninku, wasu sau biyu. Da safe na zo da tabbacin cewa ba ceto ba ne. Maman Iman ta sauke ni daga kai, Baba Tela ya mayar da ni, yanzu ina tsakiya. Abin da har yanzu ban haɗiye ba shi ne wanda ya yi laifin bai motsa daga gidansa ba. Baba, in ba damuwa, kun taɓa jin ɗuriyarsa daga baya?

Alhaji_Baba_Tela: Sau ɗaya. Wani da ya dawo daga aikin hajji ta ƙasa ya ce ya ga mai kama da shi a wata kasuwa a Sudan, yana sayar da shayi, ya kira sunansa bai waiwayo ba. Ban gaya wa Inna ba. Har yau ina auna ko na kyauta.

Malam_Nura_Damagaram: Allah Ya san niyyarka, Alhaji. Ka ci gaba da yi musu addu'a su biyun.

Sa'a_Zariya: Bilkisu, in kin yarda ki ara mini na biyu in na gama wannan. Kuma don Allah kada ki gaya mini komai a kansa.

Baƙuwa_2025: Salamu alaikum. Ban taɓa magana a zauren nan ba, karatu kawai nake yi. Barista Hadiza, ina da maƙwabciya da abin da Maman Iman ta kwatanta yake faruwa da ita yanzu haka, da yara uku. Iyayenta sun mayar da ita sau biyu. Zan iya yi miki magana ta gefe?

Lauya_Hadiza: Wa alaikumus salam. Turo mini saƙo yanzu, ina kan layi. Kada ki rubuta sunanta ko unguwarku a nan, kuma kada ki turo ta wayar da wani ke dubawa.